In mota ta kama rawa bisa kwalta, mi za a duba?

Ga jawabin da wani malami na ma'aikatar yaƙi da jahilci ya yi ma direbobi da yaran mota masu zuwa karatun dare. Mun buga shi don waɗanda ba su samu zuwa ba.

   

Yau ba baƙi da wasali za mu yi ba. Maganar mota za mu yi. Ni malami ne, ba makaniki ba. Cikinku akwai waɗanda sunka riƙa sitiyari tun ban shiga lakwal ba. Saboda haka ba tuƙi zan koya muku ba. Magana ɗaya na zo da ita: rawar da mota ke yi in ta ɗauki gudu, da yadda mutum zai gane inda ciwon yake tun bai kai ga gareji ba.

Kowa ya san abin. Ka fito Maraɗi za ka Damagaram, tafiyar wajen kilomita 240. Cikin gari mota lafiya lau. Ka wuce Cadawa, hanya ta miƙe, allura ta hau 80, ta hau 90. Sai sitiyari ya kama karkarwa cikin hannunka. Madubi na rawa, ba ka ganin na baya da kyau. Ka sauko 60, sai ta yi lakwas, kamar ba ita ba.

Wani direba ya saba da abin, sai ya ce halin motar ne. Wani kuma ya tafi gareji ya ce: «Mota na rawa.» Iyakar bayaninsa ke nan. Sai a shiga saye. Yau amortiser, gobe rotil, jibi taya. Kuɗin mai mota na tafiya, rawa na nan. Ba kullum laifin makaniki ba ne. Marar lafiyan da ya ce ma likita «jikina ne ba daɗi» ya yi shiru, wane magani za a ba shi?

Bari mu fara da dalili. Don mi rawar ba ta fitowa sai cikin gudu?

Tayar Hiace, in ta juya sau ɗaya, ta ci ƙasa wajen mita 2. In kana gudun kilomita 90 a awa, tayar na juyawa wajen sau 12 cikin daƙiƙa ɗaya, wato kafin ka ce «ɗaya». To, a ce wani gefe na tayar ya fi sauran nauyi da giram 30. Giram 30 nauyin ƙwayar sukari biyar ko shida ne. Ba komi ba ne a tafin hannu. Amma ku tuna da majajjawa, wadda yara ke korar tsuntsaye da ita a gona. Ɗan dutse ne ciki, amma in ka wulwula shi da ƙarfi sai ka ji yana jan hannunka. Haka taya take. A gudun 90, wannan giram 30 na fizgar ƙafar mota da ƙarfin wajen kilo 6, sama da ƙasa, gaba da baya, sau 12 kowace daƙiƙa. A gudun 45 kuwa, fizgar ba ta fi kilo ɗaya da rabi ba. In gudu ya ninka sau biyu, fizga ta ninka sau huɗu. Shi ya sa cikin gari ba ka jin komi.

Akwai abu na biyu. Ƙafar mota na zaune tsakanin iskar taya da sifirin, tana da saurin tsallenta na kanta. Kamar lilo ne: in ka tura shi daidai lokacinsa, sai ya yi ta yin sama. A yawancin ƙananan motoci, juyin taya na haɗuwa da wannan tsalle tsakanin 80 da 110. Nan rawar ta fi tsanani. In ka wuce nan sai ta ɗan lafa. To, wannan lafawa ita ke ruɗin samari. Sai ka ji yaro ya ce: «In ka ba ta wuta ka wuce 120 tana dainawa.» Ba ta daina ba. Hannunka ne ya daina ji. Fizgar ƙaruwa ta yi, kuma ga mutum 19 a bayanka.

Yanzu ga abin da nike roƙonku. Kafin ka taɓa sifana, ka amsa tambaya huɗu, ka rubuta amsar cikin ɗan littafinka.

Ta farko: a gudu nawa ta fara, a gudu nawa ta fi ƙarfi? Dubi allura, rubuta lamba. Rawar da ba ta zuwa sai daga 80 zuwa sama, yawanci rashin daidaiton nauyin taya ne. Amma wadda kake ji tun a 20 ko 30, mota na tangaɗi kamar raƙumi mai ɗingishi, wannan ba maganar nauyi ba ce. Ko taya ta kumbura, ko janti ya lanƙwashe, ko noti ya kwance. Wannan ba ta jiran gobe. A tsaya nan take a duba.

Ta biyu: ina kake jin ta? In sitiyari ne ke kai da komo cikin hannunka, ciwon na ƙafafun gaba. In kujera ce, ko ƙasan ƙafarka, ko fasinjan baya ne ke kuka, to, a nemi ciwon a ƙafafun baya ko a kardan.

Ta uku: mi kake yi lokacin da ta zo? Wannan tambaya ta fi sauran amfani, don haka zan ɗan daɗe kanta.

In rawar ba ta zuwa sai ka taka birki, kuma kana jin birkin na turo ƙafarka yana saki, to ba ruwan taya. Diskin birki ne ko tambur. Ko kaurinsa bai zama ɗaya ba, ko bai zauna daidai ba. Kowane juyi sai birki ya kama ya saki. In sitiyari ke rawa lokacin, na gaba ne.

In kuwa ba ta zuwa sai ka taka totur, musamman wajen hawa ko da kaya mai nauyi, kana ɗaga ƙafa ta ɓace, to a duba abin da ke kai ƙarfin inji ga taya. Motar da ke ja da gaba, irin su Corolla da Starlet, kardan ɗinta gajere ne, ɗaya ga kowace ƙafar gaba, da baƙar roba mai riƙe giris a kowane kai. In robar ta yage, giris ya fita, rairayi ya shiga, sai gaɓar ta cinye. Ƙasarmu kuwa ba a rasa rairayi. Motar da ke ja da baya, irin su Hiace da Hilux, nata dogon ƙarfe ne ƙarƙashin ciki, shi ne ƴan Najeriya ke ce ma farfela. A duba kuma robobin da inji ke zaune bisansu.

Ga gwaji mai sauƙi don raba laifin inji da na ƙafa. A yi shi a hanya miƙaƙƙiya, ba fasinja. Kai gudun da rawar ke fitowa, a ce 85, cikin giya ta biyar. Sa'an nan ka koma ta huɗu, ka riƙe 85 ɗin nan. Kukan inji ya canza, gudun taya bai canza ba. In rawar na nan yadda take, inji ya fita zargi, saura taya da kardan. In ta canza tare da kukan inji, to can ciwon yake. Wasu na sa mota firi su bar ta ta gangara. Shi ma gwaji ne, in ɗan lokaci kaɗan ne, kuma ba a gangare ba. Amma ku ji ni da kyau: kada wanda ya kashe makulli mota na tafiya. Sitiyari na iya kullewa, birki kuma ya yi tauri.

In zargi ya faɗa kan inji, tsaya wuri ɗaya, ja birkin hannu, sa firi, taka totur a hankali. In mota ta yi rawa tana tsaye, a duba buji, da fanka ko reshe ɗaya ya karye, da robobin inji.

Tambaya ta huɗu: da wane kuka take zuwa? Gurnani mai ƙaruwa da gudu, wanda ke canzawa in ka ɗan karkata hagu ko dama, rulma ne. Kardan dogo kuwa na juyawa wajen sau huɗu kafin taya ta juya sau ɗaya, don haka tasa rawar ƙanana ce, kamar zuzar ƙudan zuma ƙarƙashin kujera. Sau da yawa kuma za ka ji «ƙwal» in ka sa giya ko ka tashi.

To, an amsa tambayoyi. Yanzu sai hannu. A fara da abin da ba ya cin ko dala.

Notin taya. A bi su ɗaya ɗaya da sifana. In ka ga jan tsatsa ya zubo daga gindin noti, ko ramin noti ya fara faɗi, janti na motsi. In an kwance ƙafa an maida, a ɗaure noti a tsallake, wannan da na daura da shi, ba a jere ba. Bayan tafiyar kamar kilomita 50 a sake bin su. Aparanti, wannan aikinku ne, kuma ba ƙaramin aiki ba ne.

Sai laka. Da damina, motar da ta shiga ƙauye ranar kasuwa takan fito da laka cikin janti ta ciki, inda ido ba ya gani. Lakar ta bushe, wani gefe ya faɗi, wani ya tsaya. Mun ga abin da giram 30 ke yi. Dunƙulen laka ya fi haka nesa. Ruwa bokiti ɗaya da ɗan icce sun isa. A leƙa ƙarƙashi kuma, ko leda, ko igiya, ko waya ta naɗe kardan.

Sai iska. A auna ta da safe, taya na da sanyi, da ma'auni, ba da bugun ƙarfe ko harbin ƙafa ba. Yawan iskar da mota ke so na rubuce jikin ƙofar direba ko cikin littafin mota, akwai na mota wofi, akwai na mota da kaya. Taya mai zafi iskarta kan hau kaɗan. Kada a rage ta, in ta huce za ta koma daidai. Ku masu bin hanyar rairayi, na san kuna rage iska don kada mota ta kafe. Daidai ne. Amma da kun hau kwalta a maida iskar. Taya marar iska na lanƙwasa tana miƙewa kowane juyi, tana ɗaukar zafi, har wayoyin cikinta su rabu da roba. A watan Afrilu da Mayu, da zafi ke wuce 40, abin ya fi saurin faruwa.

Wannan ya kawo mu ga wurin da rai yake. Ɗaga ƙafar da jak. Kafin kowa ya sa hannu ko kai ƙarƙashi, a tokare motar da gungumen icce mai ƙarfi, a sa dutse gaba da bayan sauran tayoyi. Jak kaɗai ba abin amincewa ba ne. Juya tayar a hankali, ka tsaya gabanta kana kallon bayanta. Taya mai lafiya na tafiya sumul. Wadda wayoyinta sunka rabu za ka ga zanenta na karkacewa kamar maciji, ko wani wuri ya tashi kamar ƙwai. Shafa da tafin hannu, amma a hankali, don tsinin waya na yanka. Taya mai ƙwai ba ta da magani. Ba faci, ba dalma, ba maida ta baya. A cire ta. Na san kuɗin taya da nauyi, na kuma san mai mota ba ya son jin wannan magana. Amma rawar da ke ƙaruwa yau fiye da jiya, yanzu fiye da ɗazu, alamar taya ce mai shirin fashewa.

Tun da ƙafar na sama, aza ɗan icce a ƙasa, bakinsa dab da gefen janti, ka juya. In janti na matsowa yana nisa, ya lanƙwashe. Ramin hanya ne ya yi aikinsa. Sa'an nan kama tayar sama da ƙasa ka girgiza. In ta yi ƙwas ƙwas, rulma ne ko rotil. Kama ta gaba da baya ka girgiza. In akwai wasa, a duba sandar sitiyari da kawunanta. Rotil mai wasa ba a tafiya da shi, don in ya fita ƙafar ba ta sauran jin maganar sitiyari.

Dubi cin tayar kuma. In ta ci rami rami kewaye, kamar an ɗiba da cokali, amortiser ya mutu, taya na tsalle bisa hanya maimakon ta kwanta. Masu bin gargada kullum sun san wannan. In ka sa sabuwar taya ba ka canza amortiser ba, ita ma haka za ta ci. In kuwa wuri ɗaya ne ya goge ya yi fili, tayar ta taɓa jan ƙasa da birki, kuma wannan fili ba ya komawa. Motar da ta daɗe a ajiye ita ma takan yi ɗan tangaɗi da farko, amma nata yakan wuce in taya ta yi ɗumi.

Ga dabara wadda ba ta son inji. In sitiyari ke rawa, kuma tayoyin girmansu ɗaya, ɗauki ta gaba ta dama ka musanya da ta baya ta dama. Gwada hanya. In rawar ta bar sitiyari ta koma kujera, ka kama ɓarawo. In ba abin da ya canza, yi haka ga na hagu. Ɗaya ɗaya ake yi. Wanda ya canza abu uku rana ɗaya, ko rawar ta tafi bai san wanne ne ba.

In duk wannan lafiya, sai a tafi wurin masu injin daidaita taya, abin da ake ce ma ekilibraj. Injin na juya ƙafar, ya nuna giram nawa ya rage da wurin da za a maƙala ɗan dalma a bakin janti. Ka tsaya ka gani da idonka: bayan an maƙala, in an sake juyawa, inji ya nuna sifiri. A wanke laka tukuna. Duk lokacin da anka sa sabuwar taya, ko mai faci ya buɗe ta ya yi babban faci, a sake daidaitawa. Guntun tsohuwar taya da wasu ke cusawa ciki don toshe yaga, nauyinsa ya fi ƙarfin dalma, kuma tayar da ta kai ga haka ba ta gaba ba ce. Ku gaya ma yara su daina ɓamɓare dalmar nan, ba ado ba ce.

Kada a haɗa ekilibraj da paralelizim. Paralelizim saita fuskar ƙafafu ne. Maganin motar da ke ja gefe ɗaya ne, ko mai cin taya a baki ɗaya. Da wuya ya kashe rawa. Mutane da yawa sun biya kuɗinsa sun fito da rawarsu.

Kan dogon kardan, magana biyu. Mota a tsaye, an tokare tayoyi, giya firi, inji a kashe: kama shi ka murɗa, ka tura sama da ƙasa. Gaɓarsa mai kamar gicciye bai kamata ta yi wasa ba. Jan gari kamar barkono a bakin gaɓar na nuna giris ya ƙare, ƙarfe na cin ƙarfe. Ta biyu, in za a kwance shi a sa alama da alli ko fenti, a maida shi yadda yake. Kardan da anka maida a karkace na kawo rawar da ba ta nan da. Shi ya sa nike cewa ku rubuta ranar kowane gyara. In rawa ta fara washegarin gyara, a koma kan gyaran.

Saura magana ɗaya, ta sayen taya. Yawancinmu okaziyon muke saye, wadda ta gama aiki a Turai. Ido na ganin zane da saura, amma roba na tsufa ko ba a taka ta ba. Shekarunta na rubuce a gefenta. Nemi haruffa uku, DOT. Bi layin har ƙarshe, za ka ga lamba huɗu, sau da yawa cikin ɗan zobe. Biyun farko sati ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2319, an yi ta sati na 23 na shekarar 2019. In lamba uku ce kawai, an yi ta kafin shekarar 2000, kada ma ka taya. Wani lokaci lambar na gefe ɗaya kaɗai, sai ka juya tayar. Manyan masu yin taya, irin su Michelin, na cewa daga shekara 5 a riƙa duba ta kowace shekara, in ta kai 10 a aje ta ko da zanenta na da kyau. Wannan ƙa'ida ta duniya ce. Da irin ranarmu da irin lodinmu, ni ba zan sa mai shekara 8 a gaba ba. Wadda ke da hoton dutse da ƙanƙara a gefe, don ƙasar sanyi anka yi ta, robarta na da taushi, kwaltarmu na cinye ta da wuri. Cikin ramin zane kuma akwai ƴan tudu ƙanana, tsawonsu milimita 1,6. In bayan taya ya goge har ya yi daidai da su, ta gama aiki.

In Allah ya kawo tsautsayi taya ta fashe cikin gudu, riƙe sitiyari da hannu biyu, ka tsare motar ta miƙe. Kada ka danne birki. Saki totur a hankali, bari gudu ya ragu da kansa, sa'an nan ka taɓa birki kaɗan kaɗan ka sauka gefe.

Ran Alhamis kowa ya zo da littafinsa. Ya kwafo lamba huɗun nan ta kowace tayar motarsa, har da ta safiya, wato sukur. Za mu karanta su tare bisa allo, mu lissafa shekarun kowace. Yanzu wanda ke da tambaya ya ɗaga hannu. Mu fara da dattawa.